Tambayar da Aka Kawo Zongo

A daminar da ma'aikatan lafiya suka shigo Zongon Kwatano da tambayoyinsu, Tidjani mahauci ya daɗe da ajiye wuƙa. Idan baƙo ya tambaya, mutanen unguwa sai su ce ciwon baya ne ya zaunar da shi. Matarsa Nimatou ce ta fara faɗin haka, kuma ita ce take riƙe da gidan da wake da shinkafar da take sayarwa a bakin tashar Jonquet.

Bayansa kuwa ƙalau yake. Abin da ya same shi ya same shi ne wata safiyar Lahadi a farkon shekarar 1977. Shi da abokin sana'arsa Seydou, wani Bazabarme mai yawan raha, sun ɗaure nama a bayan kekunansu sun nufi Cadjèhoun, inda masu dafa abinci a manyan gidaje ke jiransu kowane mako. Suna dab da filin jirgi sai wani jirgi ya sauka wanda babu wanda ya san da zuwansa. Sojojin haya ne a ciki, an ɗauko su su kifar da gwamnatin juyin juya hali. Kafin mahautan su gane abin da ake ciki, harbi ya kaure ta ko'ina. Suka watsar da kekunan suka faɗa lambatu. Tidjani ko ƙwarzane bai yi ba. Seydou harsashi ya same shi a ciki, kuma bai cika da wuri ba. Yana jikin Tidjani har hantsi ya ɗaga, jirgin ya kwashi mutanensa ya tashi.

Aka yi jana'iza, aka yi sadakar bakwai, aka yi arba'in. Tidjani ya koma kwata. Amma duk lokacin da aka farke cikin sa a gabansa sai hannunsa ya kama rawa, har wata rana ya yanke kansa a yatsa, Sarkin Fawa ya ce ya je gida ya huta. Hutun da bai ƙare ba ke nan. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina yi masa ɗanɗano, hirar ƙofar masallaci ma ya bar ta. Daga baya kuma Seydou ya fara zuwa.

Da la'asar yake zuwa, lokacin da inuwar katanga ta kai bakin rijiya. Tidjani yana zaune a tabarmarsa, sai ya ɗaga kai ya gan shi a kan bencin da ke gindin bango, da shuɗiyar rigarsa, hularsa a kan gwiwa, kamar mai jiran aboki ya gama alwala su wuce masallaci. Ba ya magana, ba ya nuna fushi. Kallo kawai yake yi, har rana ta sunkuya, sannan bencin ya koma benci.

Nimatou ba ta taɓa ganinsa ba. Amma ta daina shanya tsumma a wurin, ta kuma hana 'yarsu Bibata hawa. An sha rubutu, an yi hayaƙi. An ma shigo da wani boka a ɓoye ta ƙofar baya, domin a shekarun nan gwamnati na farautar bokaye da matsafa. Babu abin da ya canza. A ransa Tidjani ya yanke cewa shi kaɗai Allah ya ware da wannan abu a duk faɗin garin, kuma abin kunya ne da ba a faɗa.

Wata Juma'a bayan an sauko, Souley delege, wato wakilin gwamnati a unguwa, ya tara masu gidaje a rumfar da ke gefen masallaci. Nimatou a bakin famfo ta ji labarin, daga matan da mazajensu suka halarta. Souley ya ce gwamnati za ta aiko mutane gida-gida, daga bakin teku har Malanville can iyakar arewa, a gano yawan masu damuwa da masu ƙuncin zuciya a ƙasar. Wani tsoho mai sayar da goro ya tambaye shi, wanda ya amsa yana da damuwa, ina za a kai shi?

“Ban sani ba, Baba,” in ji Souley. “Abin da na sani, har yau a idon wasu mu baƙi ne. In aka rubuta cewa Zongo cike take da masu ɓacin rai, gobe sai a zo a tambaya da wa suke ɓacin ran. Kamarad, kowa ya ce lafiya lau, a wuce wurin.”

Ya rufe taron da kirarin juyin juya hali, ya ɗaga hannu ya ce “Ehuzu!” aka amsa masa “Dandan!” can ƙasa-ƙasa, kowa ya nemi takalminsa.

Ranar da aka iso layinsu an kwana ana ruwa, hanya ta zama tafki. Wadda ta yi sallama wata anfirmiya ce, wato ma'aikaciyar jinya, doguwa, farar riga a jikinta, takalmanta a hannu saboda ruwa. Ta ce sunanta Aïssata, mutuniyar Kandi ce, kuma Hausarta na da karin Dandanci. Tun kafin ta shigo Nimatou ta tura mijinta ɗaki ta saki labule.

Aïssata ta nufi bencin gindin bango za ta zauna.

“A'a, ba nan ba,” Nimatou ta faɗa da sauri har muryarta ta tashi. Sai ta sassauta. “Ƙafarsa ɗaya ba ta da ƙwari. Ga kujera.”

Baƙuwar ta dubi bencin, ta dubi Nimatou, ta zauna a kujerar. Ta ɗora takardunta a cinya.

“Yaya, ba suna nake rubutawa ba, ki kwantar da hankalinki. Tambaya ce kawai. A gidan nan, akwai wanda barci ya ƙaurace masa tsawon lokaci, ba don zazzaɓi ko ciwon jiki ba?”

“Babu.”

“Akwai wanda abubuwan da yake so a da, kamar sana'a ko abinci ko zama cikin mutane, yanzu duk sun fita ransa?”

“Babu. Lafiya lau muke.”

“Akwai wanda gabansa ke faɗuwa haka kawai, kamar wani mugun abu na tafe, alhali bai san mene ne ba?”

Nimatou ta gyara ɗaurin kallabinta. “Babu.”

“Akwai wanda wani abu da ya faru da shi tuntuni yake dawo masa da rana tsaka, ya gan shi ko ya ji shi kamar yanzu ake yi?”

Babu iska a tsakar gidan, amma labulen ɗakin ya motsa. Dukansu biyu sun gani.

“Babu,” in ji Nimatou. “Mun gode Allah.”

Aïssata ta yi alama a takardarta, ta ce in wani ya tuna wani abu, tana dispansar, ƙaramin asibitin nan na wajen Sainte-Rita, kowace safiya. Ta ɗauki takalmanta ta fita.

Aka ajiye wa Tidjani abincin rana. Ya daɗe yana kallon kwanon.

“Nimatou, wa ya gaya mata?”

“Gaya mata me?”

“Abin da ta lissafa. Ɗaya bayan ɗaya, kamar ta kwana a ɗakin nan. Ke kika faɗa wa wani?”

“Wallahi Baban Bibata ban taɓa buɗe baki ba. Ai ba don kai aka yi tambayar ba. A rubuce take. Yadda ta yi mini haka ta yi wa maƙwabciyarmu Lantana, haka za ta yi wa gidan liman.”

“Kowa da kowa?”

“Kowa. An ce har arewa ana yi.”

Ya ture kwanon gefe. Ta ga wani abu a fuskarsa da ta manta rabon da ta gani, kamar mutumin da aka kira sunansa daga nesa.

“To in ni kaɗai ne,” ya ce a hankali, “me zai sa a rubuta ta a takarda, a ɗauki mutum aiki yana yawo da ita cikin ruwa?”

Nimatou ta kwashe kwanon.

Washegari ya sa riga ya fita, abin da sai sallar idi yake yi. Ba masallaci ya je ba. Anfirmiyar ya bi, daga nesa. Idan ta shiga gida sai ya tsaya a inuwar da zai iya hango tsakar gidan ko ya ji ta bayan darni. Ya ji Mansir mai gyaran rediyo ya ce lafiya lau yana murza yatsunsa kamar zai cire su. Ya ji Ramlatu, wadda ɗanta ɗan makaranta aka ɗauke shi a mota bayan wata zanga-zanga kuma har yau shiru, ta ce babu, babu, babu, tun kafin a ƙarasa tambayar. Ya ga Souley delege da kansa, da aka zo tambayar faɗuwar gaba, ya yi wata dariya mai ƙarfi, sannan bayan baƙuwar ta fita ya zauna a bakin ƙofarsa ya dafe ƙirji ya daɗe bai tashi ba.

Mutanen da ya sani tun yana saurayi ne. Amma da yamma da ya dawo sai ya ce wa matarsa ji yake kamar an ɗage wa unguwar rufi.

“Duk sun amsa irin taki,” ya ce. “Kuma na san idon. Irin idon da nake gani ne in na leƙa rijiya.”

Ranan ma Seydou ya zo, ya zauna a wurinsa. Tidjani ya dube shi ya daɗe, ya kuma tambayi kansa ko gidaje nawa ne a wannan sa'ar suke da nasu baƙon da ba a shimfiɗa masa tabarma.

Bayan kwanaki ya ce zai je Sainte-Rita. Nimatou ta tsorata. Ta ce in aka riƙe shi fa? In Souley ya ji? Ya ce to ta raka shi. Ta bar wa Lantana tukunyarta, suka tafi a ƙasa, yana tafe yana raɓe-raɓe da bango duk lokacin da babbar mota ta wuce.

Dispansar ɗin cike take da mata da jarirai. Suka jira har layi ya ƙare. Aïssata ta gane Nimatou tun kafin ta yi magana.

“Malama,” in ji Tidjani, hularsa a hannu, “ni ne na bayan labule. Amsar da aka ba ki a gidana ba daidai ba ce. Ba laifinta ba ne, rufa mini asiri ta yi. Na zo ki gyara. Ki ƙara mutum ɗaya.”

Aïssata ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce takardun Zongo sun riga sun tafi ofis, ba ta da ikon taɓa su.

“Ke nan za a ce mu ba mu da komai.”

“Haka za a ce, Baba. Duk Zongo ban samu wanda ya ce e a gabana ba.” Ta rage murya. “Amma ba kai ne na farko da ya biyo ni nan ba. Ba zan faɗi suna ba. Kowa sai ya zo shi kaɗai, ya dudduba baya, ya ce kada in gaya wa maƙwabcinsa.”

“Da yawa?”

“Sun fi yadda kake zato.”

Ya zauna a kan benci ba tare da an ce masa ba. Sai ya fara ba ta labarin lambatun Cadjèhoun, da na la'asar, abin da ko Nimatou ba ta taɓa ji a jere ba. Aïssata ba ta katse shi ba, ba ta kuma ce aljani ne ko ba aljani ba ne. Da ya gama ta ce abin da ke damunsa yana da suna a littafin likitoci, kuma ba hauka ba ne. Ta ba shi 'yan ƙwayoyi na barci a ƙunshin takarda, ta ce ba su da yawa, kuma ba za su kori kowa daga kan benci ba. Ta ce ya riƙa zuwa ranar Alhamis su yi magana.

Suna shirin fita ya juyo. “A sauran unguwanni ma haka ake amsa miki?”

“Wasu wuraren an fi sakin baki. A Avotrou, can bakin tafki, mata sun tsare ni har rana ta faɗi.”

A hanyar dawowa, da suka kusa gida, sai ya ce, “Sahadatou a Avotrou take.”

Nimatou ta san sunan. Yayar Seydou ce, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, tana auren wani mai sayar da busasshen kifi a ƙetaren gada. Rabon da su gan ta tun ranar arba'in.

“Ko me ta amsa?” in ji Tidjani.

Tambayar ta zauna masa. Ya yi mako yana juya ta, sannan wata safiya suka hau taksi suka ƙetare tsohuwar gada. Gidan Sahadatou na langa-langa ne, ƙasan duk danshi, warin kifi da hayaƙi ya kama komai. Ta tsufa fiye da shekarunta. Da ta ga wanda ke tsaye a ƙofa sai ta dafa bango.

Bayan gaisuwa da ruwa, Tidjani ya tambaye ta ko mai farar riga ta zo nan. Ta ce ta zo. Ya ce me ta ce mata?

“Na ce lafiya lau.”

“Mu ma haka.”

Wata 'yar dariya ta kuɓuce musu su ukun, ta mutu nan take. Sahadatou ta ce tun da aka binne ƙanenta ba ta sake ƙetare gada ba. In ta nufi can sai ƙafafunta su ƙi. Ta ce gawa kawai aka kawo musu a lulluɓe, kowa na cewa Allah ya ji ƙansa, babu wanda ya gaya mata yadda aka yi.

“Malam Tidjani, ya daɗe?”

Nimatou ta so ta taɓa shi ya sassauta maganar, amma ya riga ya buɗe baki.

“Ya daɗe, Yaya. Amma ba shi kaɗai yake ba, kansa na kan cinyata. Ya yi kalmar shahada da bakinsa. Ya kuma yi ta damuwa da kekensa, wai kada a sace, bai gama gyaran birki ba.”

Sahadatou ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta na rawa, ba a san kuka ne ko dariya ba. “Shi ne,” take cewa, “wallahi shi ne.”

Da ta natsu, Tidjani ya gaya mata sauran, cewa yana ganinsa da la'asar a gidansa. Ya zaci za ta yi a'uziyya ta tashi. Sai ta matso.

“Ni ko a mafarki bai taɓa zuwa mini ba. Na roƙa har na gaji. Ya tsufa?”

“Yana nan yadda kika san shi.”

“Da wace riga?”

“Shuɗiyar.”

“Ni na saya masa yadin,” ta ce.

Ƙwayoyin barcin sun ƙare, ba a samu wasu ba. Tidjani ya ci gaba da zuwa ranar Alhamis har aka yi wa Aïssata canjin wurin aiki zuwa arewa. A kan bencin jira ya taɓa haɗuwa da Mansir mai rediyo, suka gaisa kamar a kasuwa, daga ranar kuma suke tafiya tare. Ya koma kwata, ba wurin fiɗa ba, wurin awo da ɗaure nama, kuma ba kullum ba. Ya daɗe yana kasa kunne a rediyo ko za a faɗi abin da aka samu a ƙasar duka. Ba a taɓa faɗa ba, ko kuwa an faɗa a ranar da bai kunna ba.

Sahadatou ta zo ne bayan damina ta ɗauke. Mijinta ya riƙe mata hannu har suka sauka daga gada, idonta a rufe. Ta iso Zongo da azahar, ta ci abinci kaɗan, ta nemi a shimfiɗa mata tabarma kusa da ta Tidjani. Nimatou ta aika Bibata gidan Lantana, ita kuma ta zauna a bakin madafa tana tsince wake.

Inuwa ta yi ta jan jiki a tsakar gidan. Can Tidjani ya ɗaga kai.

“Ga shi nan,” ya ce.

Sahadatou ta dubi wurin da yake kallo. Katako ne da bango, sai wani ƙadangare a can sama. Ta gyara mayafinta, ta gyara zama.

“Seydou,” ta ce, “ni ce. Ka yi haƙuri ban zo da wuri ba.”

Sai ta shiga ba shi labarin gida. Ta ce Kawu Tahirou ya rasu shekarar da ta wuce, cikin azumi. Karimatou ta haihu, namiji, an sa masa sunansa, kuma ya ɗauko kunnuwansa. Rufin ɗakinsu na can gida Dosso ya faɗi, an sake shi da kwano. Ta faɗi wanda ya yi aure da wanda ya tafi Makka da wanda aka daina jin ɗuriyarsa. Muryarta a kwance take, irin ta mai hira da wanda ya dawo daga doguwar tafiya, tana ɗan tsayawa nan da can kamar mai ba da dama a amsa.

Nimatou ta daina tsinta. Waken ya tsaya a hannunta. Ba ta ga kowa ba, amma ta kasa ɗaga ido ta kalli gindin bangon kai tsaye.

Da labarin ya ƙare, Sahadatou ta juyo ga Tidjani ta tambaya da raɗa, “Yana ji?”

Tidjani ya sake duban bencin.

“Ban sani ba, Yaya. Amma yau ba ni yake kallo ba.”

Suka zauna a haka har ladan ya kira magariba. Sannan Nimatou ta tashi ta ɗebo musu ruwan alwala.